Ina Hancin Wake?

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga motar Kalgo da ƙwayar wake guda a aljihu ba, da niyyar in sa a sallami wata malama daga aiki.

Iyakar karatuna firamare ne, amma na yi shekaru ina share ɗakin shan magani a Gwandu ina miƙa auduga, don haka mutanen unguwa suke ce min Likita. Laifina shi ne na yarda.

Jikata Hadiza tana sakandare a Kalgo, wurin mahaifinta. Da ta zo hutu sai ta kawo min tambaya. Akwai kalmomin Turanci biyu da suke rikita ta, ɗaya "birizin", ɗaya "resfireshan" (haka kunnena ya ji su, haka kuma nake faɗa har yau), kuma za a tambaye su bambancinsu a jarrabawa. Na ɗauko tsohon ƙamus ɗina wanda gara ta ci bayansa, na duba. Ta farko, numfashi. Ta biyu, numfashi.

"Babu wani bambanci," na ce mata. "Bature ne da son yawan magana. Rubuta duk ɗaya ne, hanci ya ja iska ya fitar."

Ta ce malamarsu ta ce ko wake yana yin ta biyun. Na yi dariya har da buga cinya. Yarinya ta bi maganar kakanta, ta rubuta, ta samu sifili.

Maimakon in ji kunya sai na ji haushi. Malamar sabuwa ce, Malama Rabi, kwamitin iyaye ne ya ɗauke ta na gwaji, kuma a ƙarshen zangon za su zauna su ga ko za ta ci gaba. Na sa aka rubuta takardar ƙorafi cewa tana koya wa yara abin da hankali ba zai ɗauka ba. Ranar zaman na tafi da taubashina Ummaru, wai ya zame min shaida. (Wanda ya ɗauki taubashinsa shaida, ai ya riga ya shirya wa kansa abin da zai same shi.)

An zauna a wani aji, iyaye kusan ashirin a kan bencin yara, gwiwoyinmu na taɓa tebur. Malama Rabi tana tsaye gefen allo, ba ta wuce sa'ar ƙaramar ɗiyata ba, ita kaɗai a gabanmu duka. Na ga haka, kuma Allah Ya yafe min, daɗi na ji.

Na miƙe, na gyara babbar riga, na zaro ƙwayar waken nan na ɗaga sama yadda kowa zai gani.

"Malama, shekarata sittin ina noman wake. Nuna min hancinsa."

Aka yi dariya. Na juya ina kallon jama'a kamar wanda ya ci zaɓe.

Ta bari dariyar ta lafa, sannan ta ce, "Baba, ba shi da hanci. Gaskiyarku ne, a Hausa duk numfashi muke cewa, shi ne abin da ke rikita yara. Na farkon shi ne wanda kuka sani, ƙirji ya ja iska ya fitar. Na biyun a can cikin jiki yake faruwa, a kowace 'yar ƙwayar halitta, inda iskar ke haɗuwa da abincin da aka ci, su ba da ƙarfi da ɗumi. Kamar a murhu ne, Baba. Fifita wuta daban, cin itacen daban. Wake ba ya fifita, amma yana cin itacensa a hankali."

"Zance ne," na ce. "A nuna min a ƙasa."

Sai ta buɗe kabad ta ɗauko filas biyu irin na shayi, bakinsu toshe da auduga, ta ce na darasin gobe ne. Ɗaya waken da aka jiƙa ya fara tsiro, ɗaya waken da aka dafa ya mutu, kwana uku suna ajiye. Ta ce in sa yatsa. Na sa a dafaffen, sanyi. Na sa a mai tsiron, sai na ji ɗumi kamar hammatar jariri.

A nan ya kamata in zauna. Ban zauna ba.

"Ruwan zafi kika zuba," na ce da ƙarfi.

Yanzu kam ƙarya na jingina mata a gaban masu riƙe da aikinta. Idonta ya kawo ruwa. Sai na ji Ummaru ya yi gyaran murya daga bayana.

"Likita, bara da kat tara shinkafarka da danshi cikin ɗaki, munka zo munka sa hannu tana zahi kamar tuwo, wa ya zuba mata ruwan zahi? Ko ita ma Malama ta biyo dare ta zo Gwandu?"

Wannan dariyar ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Wani dattijo har hularsa ta faɗi. Ni kuwa ina tsaye, yatsa ɗaya a jiƙe, ina tuna buhunan da na yi asara ina ta zargin sammu. Abin da malamar nan take faɗa, na taɓa shi da hannuna a ɗakina, ban san sunansa ba ne kawai.

Ita ce ma ta cece ni. Ta ce, "Ai Baba ya riga ni yin gwajin, nasa ma ya fi nawa girma."

Na nemi takardata daga hannun shugaban kwamiti, na ninke ta na sa a aljihu. Na ce, "Malama, ki yafe min. Sifilin nan nawa ne, ba na Hadiza ba." Na roƙi a bar ta a aikinta, kuma aka bar ta. Sifilin dai ba ta goge ba, ta ce jarrabawa jarrabawa ce, ni ma ban ga laifinta ba.

Tana nan tana koyarwa har yanzu. Hadiza kuma tana karatun aikin jinya, in ta zo hutu ni ke yi mata tambaya. Na gane cewa in abu biyu suka zo da suna ɗaya a bakina, ba lallai su zama ɗaya ba, wataƙila bakin nawa ne bai da suna na biyu. Yanzu in an ce min Likita, nakan waiwaya in ga ko wani ne ya shigo.