Yadda Ake Ceton Mangwaro da Darasin Kurket

Ranar 9 ga Yuni 1997 na ƙirga 'ya'ya ɗari biyu da sha ɗaya a bishiyar mangwaron da marigayiya matata ta dasa, wadda reshenta ke leƙa filin firamaren ƙauyenmu a St. Andrew, ƙasar Barbados. Mako na zagayowa, saura casa'in. Idan kai ma dattijo ne mai bishiya kusa da makaranta, bi waɗannan matakai. Na lamunce maka sakamako.

1. Kada ka kori yaran

Yaron Barbados da ke kakkaɓo mangwaro da dutse bai san yadda yake yi ba, shi ya sa ba ya kuskure. Aikinka shi ne ka sanar da shi. Sa farin wando irin na 'yan wasan kurket, ka je wa shugabar makaranta da tayin koyar da jifan ƙwallon kurket kyauta. Tamu, Misis Yearwood, cewa ta yi, "Malam Cumberbatch, kai da kullum kake kawo ƙararsu?" Ka ce kishin ƙasa ne.

2. Fara da tarihi

Jera su a rana. Bayyana musu cewa sai a 1864 doka ta halatta ɗaga hannu bisa kai wajen jefa wa mai bugu ƙwallo. In wani ya ce 1865, a koma farko. Yaron da ke haddar shekaru ba ya neman dutse.

3. Daddatsa jifan

Kafaɗa ta fuskanci sanduna ukun da ake kafawa a bayan mai bugu, gwiwar hannu sama, ƙafar hagu gaba, yatsu biyu bisa ɗinkin ƙwallo. Da yaro ya ɗaga hannu, ka daka tsawa: "Gwiwa!" Shugabar ɓarayina, Verna Belgrave 'yar aji biyar, ta auna sanduna ta sami tunkiyar mai gadi.

"Malam, da can fa ina samu."

"Da can da jahilci kike samu, 'yata."

Makon nan ko ɗaya ban rasa ba.

4. Tsaya a nan

Kada ka koyar da cafewa. Shugaba za ta matsa maka, domin gasar makarantu ta ƙarato. Za ta ce, "Na ji an ce a zamaninku ma ba ku iya ba." Wannan ƙazafi ne, kuma mutum mai mutunci dole ya wanke kansa: ido kan ƙwallo, tafuka a haɗe, a janyo ta ƙirji a hankali kamar ƙwai. Mai cafewa ya sanar, wani ya tsaya bayansa ko za ta kuɓuce. A maimaita har ya zauna musu.

5. Idan ka ji shiru, kada ka leƙa

Da can faɗuwar mangwaro bisa kwanon ɗakin kajina ke sanar da ni sun zo. Sai ƙarar ta ɗauke. Na leƙa. Verna na can tsakiyar fili, nisan da dutsenta bai taɓa kaiwa ba, gwiwa sama. Ta yi jifa, mangwaro ya tsinko. Ƙarƙashin reshe wani yaro ya ce, "Nawa ne," ya cafe, ga wani a bayansa. Ta hango ni ta kan shinge.

"Malam, yaya gwiwar?"

Malami ba ya ƙarya a kan fanninsa. Na ce, "Daidai."

Gargaɗi: marubucin ba ya ɗaukar alhakin abin da zai sami bishiyarka, ko tunkiyar wani, ko hawan jininka. Makarantar ta ci kofi a shekarar. Mangwaro huɗu na sha. Verna ce ta kawo mini su, babu tabo a jikin ko ɗaya.