Rasuwar Bajimi, Gadon Marigayi Talha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai huce ba, Malam Gwadabe kafinta na unguwar Limawa a Dutse yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Bajimi, akwatin ƙara sautin jita mai kwalabe huɗu, wanda ya cika ranar Asabar bayan la'asar yana da shekara arba'in da 'yan kai. Bajimi bai mutu da tsufa ba. Kamilu mai gyaran rediyo, ƙanen matar gidan, shi ya kashe shi da hannunsa na dama, bayan an gargaɗe shi sau uku.

Marigayi Talha, yayan Malam Gwadabe, shi ya sayo Bajimi a Kano ya kawo shi Ringim, ya yi ta kaɗa jita da shi a wajen bukukuwa har Allah ya karɓi abinsa shekara goma sha tara da suka wuce. Talha bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Jita ya bari da wannan akwati. Malam Gwadabe, wanda ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa komai, daga karatun boko har riƙon zarto, ya ɗauki jitar ya yi ta fama da ita har ya iya kiɗa uku daga cikin na yayansa. Bai ƙara na huɗu ba, don ba makaɗi yake son zama ba.

Duk wanda ya zauna da mamacin ya san mai natsuwa ne. In an kunna shi ba ya tsoma baki nan take kamar 'yan rediyoyin da samari ke yawo da su a aljihu. Sai ya yi shiru, kwalabensa su yi ja kamar garwashi, ya gyara murya da wani hmmm mai kauri, sannan ya yi magana. Ba ya rufa wa kowa asiri; in yatsa ya kuskure, zai faɗa a gaban jama'a. Ya sha hanyar Ringim a saman mota, ya sha ruwan sama sau biyu, gara ta ci gindinsa aka sake masa katako, bai taɓa yin yaji ba.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye ba don ya mutu. Bajimi ba ya fitar da muryarsa ta gaskiya sai an murɗa shi har ƙarshe. In an rage shi, sai ya koma kamar mai mura. In an sake shi, kwanon rufi ya ɗauki rawa, kaji su watse, amma a nan ne wannan gwaaam mai ɗumi yake fitowa, wanda mutanen Ringim suka san Talha da shi.

Bara aka dawo da Inna, mahaifiyarsu, gidan Limawa. Shekararta tamanin da shida, tana da hawan jini, ƙarar rufe ƙofa ma tana tayar mata da bugun zuciya. Abu ɗaya ta roƙa tun da ta zo: a jiyar da ita kiɗan Talha. Malam Gwadabe ya kaɗa mata a hankali, ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Ya ƙara murya kaɗan, ta dafe ƙirji, aka kwantar da ita. Daga ranar bai sake samun kwanciyar hankali ba.

Bincike ya kai shi ga sanin cewa akwai wani ƙaramin akwati da ake sawa tsakanin irin su Bajimi da lasifikarsu. Ana murɗa murya har ƙarshe, akwatin ya shanye yawancin ƙarfin ya mayar da shi zafi, ya saki kaɗan. Muryar gaskiya ta fito, amma a hankali. Malam Gwadabe ya sa masa suna takunkumi. Wani mai shago a Kano ya ce zai samo na ainihi cikin mako uku. Kamilu ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, shi zai haɗa cikin kwana uku. A nan mai sanarwa yana ɗaukar nasa kason laifin: ya dubi Inna, ya ga mako uku da nisa, ya yarda. Gaggawa ce ta buɗe wa jahilci ƙofa.

Abin da Kamilu ya kawo gwangwanin biskit ne, da murɗaɗɗiyar wayar hita a ciki. Sau uku Malam Gwadabe ya faɗa masa, har da riƙe masa hannun riga: mai kwalabe ba irin akwatunan lasifikar masallaci ba ne da ya saba gyarawa. Waɗancan, in ka zare wayar lasifika suna aiki, ba abin da zai same su. Wannan kuwa, in ƙarfinsa ya rasa inda zai bi, ciki yake komawa ya cinye kansa. Ko me ya faru, a kashe makunninsa tukuna kafin a zare waya. Kamilu ya gyaɗa kai yana duba wayarsa.

Ranar Asabar aka haɗa komai a zaure. Aka murɗa Bajimi har ƙarshe, Malam Gwadabe ya taɓa jita, sai ga muryar Talha ta fito cikakkiya, amma ba ta fi hirar mutum biyu ƙarfi ba. Ya aika matarsa Fiddausi ta fito da Inna. Daga ɗakinta zuwa zaure taku ashirin ne, da sanda. Tana tsakar gida ta jiyo, ta tsaya, ta karkata kai, sannan ta ƙara sauri. A daidai nan gwangwanin ya fara hayaƙi. Makunnin Bajimi yana kusa da gwiwar Kamilu, amma sai ya yi abin da hannunsa ya saba, ya fizge wayar lasifika. Jitar tana kan kuka. Bajimi ya ce zzzt, ya ce tas, kwalabensa suka yi wani haske shuɗi, warin ƙonewa ya cika zauren.

Inna ta iso ta tarar da shiru. Malam Gwadabe, wanda ya shekara talatin yana yi wa mutane faɗa a kan ƙarya, ya ce mata wuta aka ɗauke. Ƙwan lantarki yana ci a saman kanta. Ta ɗaga ido ta dubi ƙwan, ta juya. Kwana huɗu ke nan, kullum da safe sai ta tambaya ko wutar ta dawo.

An kai hoton cikin mamacin ga masana biyu. Duka sun ce taransifomarsa ce ta ƙone, ba a samun irinta, in ma an sake naɗa ta wata murya ce za ta fito.

Mamacin ya bar jita ɗaya, tana jingine a bango tana takaba. Ya bar lasifika, lafiyarta lau amma ba ta da mai magana ta bakinta, da wayoyi biyu, ɗaya mai tabon ƙuna. Ya bar tsohuwa tana jira.

Ba za a yi masa salla ba. Ƙarfe ne da katako, mai sanarwa ya san iyakarsa. Ba kuma za a sayar da shi ga 'yan jari-bola ba, su daina zuwa. Ranar Alhamis da hantsi za a naɗe shi a bargon Talha a kai shi Ringim, a ajiye a tsohon ɗakin Talha a rufe. Ana karɓar gaisuwa a zaure, masu zuwa su rage murya, kada kowa ya shiga cikin gida da labarin.

Kamilu zai ɗauki gawar a ka daga Limawa zuwa tasha, ba babur, ba gammo. Kafin nan zai cire takalmi ya shiga ɗakin Inna, ya durƙusa, ya ajiye gwangwanin a gabanta, ya faɗa mata da bakinsa abin da ya yi wa muryar ɗanta.