Rasuwar Mai Walƙiya, Takobin da Aka Ɗaure Har Lahira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, ni Madu na Wulari nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar takobina na wasan kwaikwayo, Mai Walƙiya. Ya cika ranar Laraba da hantsi a rumfar wani mai walda, bayan gajeriyar rashin lafiya da doguwar wahala a hannun masu gyara.

An haifi marigayin a bayan gidanmu. Da alminiyam na ƙera shi don kada ya yi nauyi, kuma don in an tare ni a shingen bincike in lanƙwasa shi a gaban jami'i ya ga abin wasa ne. Ko tumatir bai taɓa yankawa ba. Ƙotarsa ta katako ce da jar fata, wutsiyarsa ta ratsa cikinta ta leƙo ta ƙasa. A nan na fitar masa da zare, 'yan layukan nan da noti ke bi ya kama, na sa noti guda ya riƙe komai. In aka zaro shi daga kube sai ya ce shiiing, kowa ya waiwayo.

Wanda bai san ƙungiyarmu ba zai ce ai ƙarfe ne kawai. To, a al'adarmu wanda ya zo da takobinsa shi ne jarumin wasa. Ni kuwa tun da na shiga, gawa nake fitowa. An kashe ni a fagen yaƙi, an kashe ni a kasuwa, akwai ma ranar da aka buɗe labule aka tarar na riga na mutu. Matata Fanna ta daina zuwa kallo, wai in barcina ne tana gani a gida. Marigayin ne zai miƙar da ni tsaye ranar Asabar mai zuwa, har Fanna ta kai ɗinki.

Ciwon ajalinsa ya zo ta hannun Usama, abokin wasanmu, ɗan gidan dillalan shanu, wanda duk abin da ya kama sai ya ɗaure shi kamar bijimi. A wurin gwaji ya girgiza takobin, wai ya ji ƙota tana motsi. Da bakina na gaya masa cewa wannan notin da yatsa ake juya shi. Na tafi shan ruwa, shi kuma ya ari sifana wurin mai gyaran keke ya hau ɗaure notin. Noti na baƙin ƙarfe, zare na alminiyam. Marigayin ya ce ƙiii, ya ce ƙas. Daga nan noti ya riƙa juyawa ba ya kama komai.

Wallahi mun nema masa magani. An naɗa farin tef na masu gyaran famfo, ya zame. An ɗiga gam, yatsuna ne suka manne. Wani bakanike a Dala ya fitar da sabon zare a kan wanda ya cinye, har wutsiyar ta koma kamar tsinken tsire. Mai walda kuwa ko dubawa bai yi ba, ya kunna masa wutar da yake haɗa ƙofar gida da ita. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce fsss.

Ya rasu ya bar kube ɗaya da ƙota marainiya. Ya kuma bar notin da ya yi ajalinsa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ina kallonsa raina yana tafasa.

Gobe bayan la'asar za a kai gawar wurin masu narka tukwane a Dala, inda ake sa ran zai dawo ludayi. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana, gindin dogon yaro. Don Allah a zo da addu'a, a bar shawara a gida, an makara.

Usama ne ya fara zuwa ta'aziyya, da sabon takobi a hammata naɗe cikin buhu. Saboda haka wanda bai samu jana'izar ba, ya zo dandali ranar Asabar. Fanna za ta zauna a sahun gaba da sabon ɗinkinta. Za a shimfiɗe ni a gefen hagu, inda aka saba, kuma Usama ne zai kashe ni.