Tsintar Iri da Kumburarren Ido

A wani daji da ba zan ɓata bakina wajen faɗin sunansa ba, akwai rumfar da zabi ke tsintar irin gero kafin damina. Aikin ido ne zalla: a ware mai kyau, a zubar da wanda ƙwaro ya ci. Shugaban rumfar Jatau ne, wani ƙadangare mai jan kai da bai taɓa tsintar ƙwaya ɗaya ba tun da aka ƙyanƙyashe shi.

Jatau yana da wata al'ada. Duk zabuwar da ta zo aiki da ciwo, sai ya kira makaɗa a zagaya da ita ana guɗa. Wadda ta kwanta a gida kuwa, a ba wata gurbinta.

Ranar da wata zabuwa, Tabawa, ta tashi idanunta a kumbure suna kwantsa, ta roƙi hutun kwana uku. Jatau ya ce gurbi ba ya jiran kowa. Ta zo tana laluben hanya. Kai, ranar an sha kiɗa! Zabi suka yi ta rungumar ta, kowa na goga fuska da tata. Kafin Juma'a ciwon ya kama rumfa kaf, kullum kiɗa, kullum guɗa. Jatau sai gyaɗa kai yake, wai ba a taɓa cika buhuna da sauri haka ba. Gaskiyarsa. Wadda ba ta gani ai ba ta da abin zubarwa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito tsilli-tsilli. Majalisar daji ta zauna, Toron Giwa a gaba. Jatau ya ce Tabawa ce ta kawo ciwon, a kore ta daga dajin.

Sai ga uwarta, tsohuwa Yalwa, ta kutsa ko sallama babu.

"Ranku ya daɗe, ni ban yi karatu ba, amma na san ido. Kwana uku yarinyar nan ta roƙa. Da ya bar ta ta kwanta, ko ya ce je ki riƙe bakin buhu, da yanzu gero ya kai gwiwa. Kai kuma Jatau, mai gyaɗa kai kamar ka gane, wa ya kira makaɗan? Ni ce? Ba mai taɓa mini 'ya. A bar ta a gurbinta, shi a tambaye shi."

Wuri ya kaure da sowa, zabi na ta tsalle. Nan take aka ce Tabawa ta koma aikinta.

Maganar Jatau ce ba a kai gare ta ba. Idon Toron Giwa ya soma ƙaiƙayi, majalisa ta ba shi wata biyu ya je ya huta.