Baƙar Waya a Motar Baban Safiya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata da na wuni a kan benci a Roxy, can unguwar Adjamé, goye da 'yar wata biyar, ina kallon maza biyu suna neman abin da ni na ɓatar da hannuna. Har yau in mota ta bi da ni ta wurin sai in ja mayafi in rufe rabin fuska, alhali waɗanda suka ga abin rabinsu sun bar Abidjan.

A lokacin muna haya a Arras, can Treichville. Maigidana, Baban Safiya, woro-woro yake ja, tasin nan da ake haɗa fasinja, yana lodi a Gare de Bassam. Shekarun nan ne da gari ba daɗi, duk kwanar da ka sha sai shinge. Ni kuma Allah Ya yi ni da fargaba. In ya wuce lokacin dawowarsa da minti goma, na riga na shiga takaba a raina. In Safiya ta yi atishawa biyu, na ɗauko katin asibiti.

To sai ya ƙwallafa rai a kan amfili, akwatin nan da ke ƙara wa rediyon mota ƙarfi har kujera ta riƙa rawa. Wai samari ba sa shiga motar da ba kiɗa. Wanda zai ɗaura masa kuwa yayana ne, Yaya Sule, mai gyaran wutar mota a Adjamé. Shi kaɗai ne nawa a garin nan tun da iyayenmu suka koma gida. Shi da Baban Safiya gaisuwa ce kawai ta haɗa su, kowa na ganin ɗayan bai san kan duniya ba. Na fi shekara ina lallaɓa tsakaninsu. Da na ji wannan ya kai wa wancan aiki, har sadakar ƙosai na yi.

Ran Litinin aka ɗaura. Da la'asar ya shigo layinmu, tagogin mutane na karkarwa, shi kuma baki har kunne. Kowa na yaba mota. Ni abin da na gani a raina kawai mijina ne a kan gada, babbar mota na danna masa oda a baya, shi bai ji ba.

Na zagaya wurin Gwaggo Hajara, tsohuwar da ke sayar da koko a ƙofar gidanmu, na zube mata damuwata. Ta shiga ɗaki ta fito da laya a jar fata, da 'yar igiyarta.

“Sharaɗi biyu ne, 'yar nan. Ta taɓa ƙarfen motar, ƙarfe tsirara, ba fenti ba. Kuma kada mai motar ya sani. In ya sani ta karye.”

Na biyun bai ba ni wahala ba, don Baban Safiya ba ya shiri da laya ko kaɗan. Wadda aka rataya wa Safiya ranar suna, da reza ya yanke ta.

Washegari bayan asuba ya koma barci, na zare makulli na buɗe bayan mota. Ko'ina fenti, ko'ina kafet. Har na fara cire rai, sai na ɗaga gefen kafet ɗin a bayan babban akwatin katakon da lasifika ke ciki, na ga wani ɗan wuri kamar faɗin kwabo, an kankare shi fes yana ƙyalli. Na ce Allahu Akbar, kamar don ni aka share. Matsalar ɗaya ce: akwai noti a tsakiya, ya danne wata baƙar waya mai kauri. Na ɗauko filaya a jakar kayan aikinsa, na kwance, na ɗaure layata, na mayar da noti. Wayar kuma ban yar da ita ba, ni ba sakarya ba ce. Na samo mata wani noti a ƙafar akwatin katakon, bai fi yatsa huɗu tsakani ba, na ɗaure ta tamau, na ja kafet na rufe. (Aji uku na yi a makaranta, kuma a ajin nan uku ba wanda ya ce mini wuta ta san bambancin ƙarfe da katako.)

Ranar awon Safiya ce, zai sauke mu a asibiti. Ya tayar da mota, ya danna rediyo. Fitilar rediyon ta kama, amma shiru. Ya murɗa, shiru. Ya bugi gaban motar da tafin hannu.

“Na sani. Wallahi na san haka za a yi. Aikin kwana ɗaya!”

Ko zancen asibiti bai ƙara yi ba. Muka haye gada muka nufi Adjamé. Ni kuwa ina bayan mota ina taya shi jimami da zuciya ɗaya, don ko a mafarki ban haɗa layata da shirun nan ba.

Yaya Sule na shan shayi a ƙofar shago. Ya ce, “A'a, Bo, lafiya da sassafe?” (Haka suke kiran juna, wai suruki da Faransanci.)

“Ka tambayi aikinka.”

Yaya ya ajiye kofi. Aka nuna mini benci a jikin rumfar wata mai suyar ayaba, na zauna.

Abin da idona ya gani a ranar, in an ba ni shago zan iya riƙewa. Ya fara da fis ɗin da ke kusa da batir, ya zare ya ɗaga wa rana, ya ce lafiya lau. Ya ɗauko wani ƙwan fitila mai jelar waya, ya maƙala jelar a jikin ƙofa, ya taɓa jar wayar da ke shiga amfilin, ƙwai ya kama. Ya taɓa wata siririya shuɗiya, wadda ya ce ita ke tayar da amfili in an kunna rediyo, nan ma ya kama. Ya canza igiyoyin nan biyu, mai jan kai da mai farin kai. Ya kwance wayar lasifika ya goga mata batirin tocila, ta ce ɓuk. Komai na da rai, amma 'yar fitilar jikin amfilin ta ƙi ko ƙiftawa. Ya tafi shagon maƙwabcinsa ya aro wani amfilin, ya haɗa. Shi ma gum.

Rana ta take. Hayaƙin motoci, ƙaurin manja, 'yan kamasho na ihun unguwanni kamar za su tsaga maƙogwaro. Safiya ta sha, ta yi barci, ta farka, ta jiƙa mini zane. Bayana ya ƙage.

Can wajen sha ɗaya wani dattijo Bajule mai facin taya, da ake kira Tonton Bakari, ya leƙo ya ce, “Sule, ka duba mas?”

“Mas? Baƙar waya?” Yaya har da 'yar dariya. Ya kama wayar daga inda ta shige ƙarƙashin kafet ya fizga, ta tsaya ƙyam. “Ka gani? Jiya da hannuna na kankare fentin wurin sai da na ga fuskata a ciki. In baƙar nan ba ta taɓa ƙarfen mota ba, ai ko amfilin jirgin sama ne ba zai yi tari ba. Wannan kam ba nan matsalar take ba.”

A nan ne na gane aikina ne.

Ya kamata in miƙe a lokacin, ko? Ban miƙe ba. Na gyara goyo, na ƙura wa kaskon ayaba ido kamar ni ce mai suyar. In na yi magana, laya ta karye, ga mijina a gaban mutane. Na ce a raina bari dai, Yaya gwani ne, ƙila ya gano da kansa ya rufa mini asiri. Haka na ƙara sa'a biyu ina addu'ar a kama ni ba tare da an san ni ce ba.

Su kuwa magana sai ƙara zafi take.

“Wunin yau ko fasinja ɗaya ban ɗauka ba,” in ji Baban Safiya. “In an idar da sallah ka kwance tarkacenka. Zan kai wa mai gyaran nan ɗan Gana na can gaba, kowa na kallo.”

Yaya ya goge hannu a hankali. “Bo, shekarata goma sha biyu a layin nan, ba a taɓa ɗauke aiki daga hannuna an kai can ba. In ka yi haka, ka gama taka shagona. Kai da duk wanda ke ƙarƙashin rufinka.”

Bai kalle ni ba. Ba sai ya kalle ni ba.

Aka kira azahar. Aka shimfiɗa tabarmi a gaban shago, bai fi taku goma da motar ba. Baban Safiya ya bar makulli a jiki ya ce in kula da mota. Ina jin an kabbara, na ce yanzu ne. In mayar da waya inda take, su dawo su tarar abu ya gyaru, kowa ya ce ikon Allah.

Na ɗauki filayar Yaya, na tura rabin jikina cikin bayan mota, Safiya na lilo a bayana. Na kwance laya. Hannu biyu duk da aiki, sai na cije ta da haƙori. Na kwanto baƙar waya, na ɗora ta a mazauninta, ta ɗan yi tartsatsi, na daure na murɗa noti sau biyu.

Abin da ban lissafa ba shi ne, tun safe duk wanda ya zo gwaji sai ya ƙara murya, kuma ba wanda ya rage.

Jama'a, ban san sunan ƙarar nan ba. Akwatin katakon a saitin kunnena yake. Na buga ƙeya da murfin mota. Mai ayaba ta saki matsami a cikin mai. Safiya ta tsandara ihu. Wani mawaƙi kuma, da dukkan ƙarfin da Allah Ya ba shi, yana umartar matan Abidjan su sauke ƙugu ƙasa, a daidai lokacin da sahu biyu na maza ke ruku'u.

Mai hankali wayar zai fizge. Ni sai na ruga gaba ina danna duk abin da ya dannu. Abin goge gilashi ya tashi. Fitilu suka kama ƙiftawa. Gwiwar hannuna ta hau kan oda. Ni dai ban taɓa jin liman ya kai raka'a huɗu da sauri irin na ranar ba.

Yaya ne ya zo ya miƙa hannu ta taga, ya murɗa abu ɗaya, duniya ta yi tsit. Na fito. Ga mutane sun yi da'ira, har da fasinjojin da suka sauko daga motocinsu. Ɗankwalina a wuya, filaya a hannu.

Baban Safiya ya ce, a hankali, “Maman Safiya, mene ne a bakinki?”

Sai a lokacin na tuna. Na tofo ta a tafin hannuna.

Na faɗi komai, ina kuka ina jan majina, tun daga Gwaggo Hajara har ƙafar akwati. Tonton Bakari ya zauna a kan taya yana dariya har da riƙe ciki. “Gwaggo na son ƙarfe tsirara, Sule na son ƙarfe tsirara, wuri kuma ɗaya ne! Kai, Madam ta yi adalci, ta ba kowa notinsa.”

Baban Safiya bai yi dariya ba. Ya juya wurin Yaya, a gaban mutanen nan duka, ya ce, “Bo, na ci mutuncinka a banza. Ka yafe ni.”

Yaya ya sosa ƙeya. “Ni ma da na ɗaga kafet ɗin nan tun da dattijo ya faɗa, da tuni kana Treichville. Bar shi kawai. Tun tana ƙarama haka take, ta taɓa wanke mini rediyo da sabulu.”

A nan ne mijina ya fashe. Suka tafa, a kaina.

Kwana biyu bai yi mini magana ba a gida, awon Safiya kuma sai wani makon, na sha faɗan ma'aikaciyar asibiti. Amma tun daga ranar, duk Juma'a Yaya Sule a gidanmu yake cin tuwo, kuma ba sa tashi sai sun maimaita labarin, kowane mako ƙarar na ƙaruwa. Ni nake tuƙa tuwon, ni ake ci da shi.

Fargaba dai ban daina ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na koya bai wuce wannan ba: duk inda na ga an share wuri fes yana ƙyalli, yanzu sai na tambaya wa aka share wa, don na tabbatar ba ni ba ce.