Ranar Da Na Gyara Wa Hukumar Zari-Ruga Ƙwallonta

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da baƙin hukumar zari-ruga ta ƙasa suka zo makarantarmu ba za ta fita daga kaina ba. Ko na so ma in manta, mutanen garinmu ba za su bari ba.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare da ke kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, kuma ni ne malamin wasanni. (Ba don na iya wani wasa ba fa. Ni kaɗai ne malamin da ke da usur nasa na kansa.) Ina ji da muƙamin nan ba kaɗan ba. In na rataya usur, na kafa hular hana-salla, ko shugaban makaranta sai ya yi mini magana sau biyu kafin in waiga.

Wata Litinin shugaban, Alhaji Lawal, ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda. Hukumar da ke kula da wasan zari-ruga tana son yaɗa shi a makarantun karkara. Za su zo su duba, su zaɓi makaranta ɗaya a shiyyarmu ta zama cibiya, kuma za a kai mai horar da ɗalibanta kwas Legas. Legas! Ni da iyakar tafiyata Zariya. Kafin la'asar na gaya wa matata, na gaya wa majalisar mai shayi, har tela na ba ɗinkin sabuwar shadda.

"Malam, ka dai san wasan ko?" in ji Alhaji Lawal.

Na ce, "Haba ranka ya daɗe! Ai sunan ma ya faɗi komai. Ka zara, ka ruga."

Bayan kwana uku a-kori-kura ta sauke mana kwali daga tashar Funtua, an ciro shi daga ƙarƙashin buhunan masara. A ciki akwai ƙwallo biyu da wani ɗan littafi na tarihin hukumar, fotokwafi ne, hoton bangon ya fito baƙi ƙirin. Na sa famfo na ba ƙwallo ta farko iska. Maimakon ta kumbura ta zagaye kamar kowace ƙwallo ta Allah, sai ta yi tsini nan, ta yi tsini can, ta fito sak gwanda. Na ba ta biyun, ita ma haka. Nan take na gano bakin zaren, direba ne ya danne su da masara.

Ina cikin tsine wa direba sai ga maigadinmu, Baba Tanko, tsohon soja ne, mutum mai ƙarancin magana. Ya leƙo ya ce, "Malam, ai haka take. Lokacin da muke bariki mun..."

Na ɗaga masa hannu. "Baba, ka bari kawai. Wannan harkar ilimi ce."

Ya ce to, ya koma bakin ƙofarsa. (Kada ku ce me ya hana ni dubawa a waya. Wayata a lokacin mai tocila ce, ba ta san komai ba sai ƙarfe nawa.)

Na sa ƙwallayen a buhu na hau babur sai wurin Sani mai faci a tasha. Sani ya jujjuya ɗaya, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce shi da ya miƙar da ƙafar babur ɗin da tirela ta taka, wannan 'yar abar ce za ta gagare shi? Ya jona mata injin iska. Tana kumbura ina cewa ƙara, tana kumbura ina cewa saura kaɗan. Sai ji muka yi tau! Mai ƙosai ta watsar da matsami ta yi ta kanta, wani ɗan acaɓa ya kwanta a ƙasa yana salati, Sani kuwa yana tsaye riƙe da guntun fata yana kallona.

Saura ɗaya, sai muka bi ta a hankali. Muka jiƙa ta a ruwan zafi, muka ɗaure tsinin biyu da robar taya, na kai ta gida na tsayar da ita cikin turmin matata na ɗora dutsen niƙa a kai. Kwana biyu ba a yi daka a gidana ba. Da na ciro ta, ba za a ce ta zagaye ba, amma tsinin ya lotsa, ta yi kwatsa-kwatsa kamar kabewa. Wallahi har wani daɗi na ji a raina.

Ranar da baƙi za su zo an kafa rumfa, an ɗauko lasifika, an jera ɗalibai, wakilin hakimi ma ya zo. Jagoran baƙin wani dogon mutum ne mai faɗin ƙirji, Malam Isiyaku, Bazazzagi, mai fara'a. Aka ce malamin wasanni ya yi jawabin maraba. Na fito cikin shaddar da na ɗinka don Legas, usur a wuya.

Jama'a, na yi jawabi. Duk abin da ke cikin ɗan littafin nan na haddace shi na juye shi da Hausa mai daɗi. Na ce wasan ya taso ne a makarantun Ingila tun ƙarni na sha tara, kowace makaranta da nata dokokin, in an haɗu sai gardama, har ƙungiyoyi suka zauna suka kafa hukuma guda don a daidaita doka. Na ce daga nan kowace ƙasa ta kafa tata, har da tamu. Na lissafo ayyukanta: shirya gasa, horar da alƙalan wasa, zaɓen 'yan wasan da za su wakilci ƙasa. Malam Isiyaku yana ta gyaɗa kai. Na hango Legas ƙiri-ƙiri.

Da na tsaya a nan, da yanzu wani labari nake ba ku. Amma tafi ya shiga kaina. Na gyara murya na ce, "Haka kuma aikin hukuma ne ta kula da ingancin kayan wasa. A nan, yallaɓai, ina da ɗan ƙorafi, cikin ladabi. Ƙwallayen da kuka aiko sun iso mana a lalace. Ɗaya ta riga mu gidan gaskiya wajen gyara. Amma ɗayar, da ikon Allah, mun ceto ta."

Na buɗe buhu na ɗaga kabewata sama da hannu biyu. Ɗalibai suka kaure da tafi.

Malam Isiyaku ya dubi abin da ke hannuna, ya dubi abokin tafiyarsa, sai ya taka zuwa motarsu ya jawo wata ƙatuwar jakar raga ya zazzage a tsakiyar fili. Ƙwallaye suka zubo suna tsalle kowace ta nufi inda ta ga dama, kuma duk cikinsu babu wadda ba gwanda ba.

Kun san me na ce? A cikin lasifika, da ƙarfi, cike da tausayinsu?

"Innalillahi! Su ma duk an danne su?"

Mutumin nan ya yi iya ƙoƙarinsa, na ba shi wannan. Ya cije leɓe, ya kalli sama, sai dariyar ta ƙwace masa har ya durƙusa. Da ya samu numfashi ya karɓi lasifika ya nuna tambarin da ke ƙirjin rigarsa, irin wanda ke saman takardar da suka aiko, wanda ni duk zatona goro ne aka zana. Ya ce, "Malam, tun ƙarnin da ka ambata haka ƙwallon take. Da mafitsarar dabba aka fara yin ta, shi ya sa ta fito a haka." (Daga baya na ji ko wace dabba ce. Ban gaya wa Alhaji Lawal ba har ya yi ritaya.)

Fili ya ɗauka. Wakilin hakimi yana share hawaye da bakin rawani. Alhaji Lawal ya dafe kai. Ni kuwa kunya ta rufe ni har ban san abin da nake yi ba, tunanina ɗaya kawai, in ɓoye kabewar nan. Na rungume ta a ƙirji na zura da gudu. Na goce wa malamin lissafi, na tsallake benci, na ratsa tsakiyar 'yan aji uku, shadda tana ta fal-fal, usur yana dukan haɓata. Ina jin Malam Isiyaku a lasifika yana ihu, "Yawwa! Wannan ita ce zari-ruga! Wa zai tare shi?"

Saura taku kaɗan in fita ƙofar makaranta sai na ji an cafke ni a ƙugu, ƙafafuna suka bar ƙasa, na sauka a kan yashi ba tare da ko gwiwata ta goge ba. Na buɗe ido, Baba Tanko ne. Ya zare ƙwallon daga hannuna, ya miƙe, ya kaɗe mini riga ya ce, "Sannu Malam."

Malam Isiyaku ya iso yana haki ya tambaye shi inda ya koyi wannan kamun. Baba ya ce shekara shida yana buga wa bataliyarsu.

An ba makarantarmu cibiya. Legas kuma an je, amma Baba Tanko ne ya je. Ni na raka shi tasha, ni na riƙe masa jaka, kuma da ya ce ba shi da usur, nawa na cire na ba shi. Sani mai faci yana hango mu ya ɗaga murya, "Malam Kabewa, akwai wani gyaran?" Sunan ya bi ni har yau, jikokina ma sun san shi.

Da Baba ya dawo ya fara horo, na lallaɓa na shiga layi don in koya. Ya nuna mana cewa ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba, sai dai baya. Bakina da ba ya jin magana ya ce, "Anya Baba? Wa ya taɓa ci gaba da jifa baya?"

Ya dube ni a natse, ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ka bari kawai. Wannan harkar ilimi ce."

Tun daga ranar, in na ga abu a karkace, ba na saurin kai shi wurin mai faci. Sai na fara zuwa bakin ƙofa na tambayi maigadi tukuna, kuma ina barinsa ya kai ƙarshen maganarsa.