Takardar da Ke Ƙarƙashin Sirdi

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na raka Yaya Bitrus gaisuwar surukai Dabai. Sati uku ke nan, amma har yau in na ji ƙarar babur sai in canza hanya.

Yaya soja ne. Da aka tura shi aiki Kudu, ya shigar da babur ɗinsa ɗakin ajiyar dawa, ya miƙo min makulli. "Ke kika yi boko, ki kula min da shi." Wata goma sha huɗu babur yana tsaye.

Wata rana Mama ta buɗe tsohon galan na man gyaɗa ta ji ya yi wari. Ta ce, "Kowane mai in ya daɗe lalacewa yake." Nan tunani ya kama ni: to baƙin man da ke cikin injin Yaya fa? (Na ci kimiyya a sakandare, abin da ya cuce ni ke nan.) Na ari sifana, na kwance noti, na tsiyaye shi tas. Niyyata in sa sabo ranar kasuwa. Har takarda na rubuta: "Kada a tayar, babu mai." Na sa hannu, na ninke, na ɓoye ƙarƙashin sirdi don kada ɓera ya ci. Daga nan na manta.

Yaya ya dawo, ya zuba fetur, ya buga, babur ya tashi. Na hau baya riƙe da goro da turmin atamfa. Muna dab da gidan surukan inji ya fara ƙara kamar ana daka ƙarfe a turmi, ya yi hayaƙi, ya mutu. A daidai lokacin na tuna.

Mutanen gidan suka fito, har da baban yarinyar da Yaya ke nema. Aka kira bakanike. Ya duba ya ce, "Ofisa, ko ɗigon baƙin mai babu. Inji ya buga." Ya ɗaga sirdi neman sifana, sai ga takarda. Ya karanta da ƙarfi, a hankali, har sunana.

Na ce, "Na zaci man ya lalace ne."

Bakaniken ya ce, "Ƙanwata, gaskiyarki, yana tsufa. In ya yi shekara yakan sha raɓa, sai a canza. Amma tsohon mai ya fi babu."

Baban yarinyar ya karɓi takardar, ya juya ta. "Rubutun dai da kyau."

Yaya ya sallami bakanike, muka shiga gaisuwar. An karɓi goron, amma a Dabai yanzu sunana Injiniya.

Na dai koyi abu ɗaya: in zan sake yi wa mutum gargaɗi, ba zan ɓoye shi inda ɓera kaɗai ke dubawa ba.